Dillalin da Ya Yi wa Yayansa Tafinta

Funtua,
ranar kasuwa, bayan la'asar.

Zuwa ga Uwani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta riske ki a Legas kafin jirginku ya tashi, ke da maigidanki Malam Isiyaku, kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya sauke ku Mozambik lafiya. Ya tsare ku daga faɗan da muke ji a rediyo ana yi a ƙauyukansu. Ya haɗa ku da mutanen kirki, Ya raba ku da masu hali irin na babanki lokacin da haƙoransa ke cike.

Kafin komai bari in yaba wa mutanen da za ki je wa aiki, domin na karanta takardun da kika bar mini, har da taimakon tabarau. Shugabannin nan sun burge ni. Sun shekara da shekaru a daji suna yaƙar Turawan Fotugal, suka kore su, sai da Bature ya sa ƙafa a jirgi suka ce, "Dakata, ajiye mana harshenka." Ƙasa ce mai harsuna kamar irin wake a kasuwar Danja, in an ɗauki na wannan wancan ya yi fushi, sai aka ɗauki na baƙo don kowa ya sha wuya daidai wa daida. Makaranta Fotugis, kotu Fotugis, asibiti Fotugis. Angola haka, Gini Bisau haka. Wannan ai adalci ne, ko mu a kasuwa in mutum biyu suka dame mu da jayayya kan buhu, na ukun da bai ce komai ba shi ke tafiya da shi. Kada ma mu yi musu dariya, mu da ake ci mana tara da Turanci. Tamu takardar, ta gwamnati, ta ce a fara koya wa yaro karatu da harshen uwarsa. Takarda ce mai kyau, na taɓa sayen ƙosai a naɗe cikin irinta.

Yanzu kuma sun tuna ashe suna da kurame, har sun nemi a aiko musu malamai su horar da masu yi musu tafinta. Madalla. Na duba gaba da baya, ban dai ga inda aka rubuta ko an tambayi kurman da wane harshe yake zagin akuyarsa in ta shiga masa gona ba.

To, ke aka zaɓa. 'Yar Sule Dillali, wadda aka yaye da kunun dawa, ita za ta haye teku ta koya wa mutane aiki. Tun da labarin ya fito ban ƙara biyan kuɗin shayi a tasha ba. Amma ba don in yi miki kirari na zauna rubutu ba. Kin san na riga ki shiga wannan sana'a, ba satifiket ba albashi, kuma na ɓata ta iyakar ɓatawa. Ranar kotu kina wurin, kin san ta. Abin da ya kai mu can ne ba ki sani duka ba, don ban taɓa faɗa ba. Yau zan faɗa, tunda takarda ba ta da idon da za ta kalle ni.

Baffanki Mati ya girme ni da shekara huɗu. Sanƙarau ya tafi da jinsa yana ɗan shekara uku, kafin a haife ni, don haka na buɗe ido na tarar ana maganar hannu a gidanmu na Kafur. Innarmu, mai sunanki, takan ce na iya roƙon fura da yatsu kafin in iya cewa "Inna". A hannun Yaya Mati kowa da sunansa. Funtua, yatsu uku na tsinkar auduga. Alƙali, a zagaye kai da hannu kamar naɗin rawani. Ke, a taɓa haƙori inda wushiryarki take. Ni kuwa sai ya kai hannu kusa da baki ya riƙa buɗewa yana rufewa kamar bakin agwagwa. Ban taɓa ƙorafi ba, sunan ya dace.

Babanmu ya raba mu tun muna ƙanana. Shi ya ja shi gona, ni aka kai ni elemantare, na yi aji huɗu na gudo kasuwa. Shi ya zama manomin da ake zuwa kallon audugarsa, ni na zama dillalin hatsi. Ke malama ce, ba ki san dillanci ba, bari in koya miki a taƙaice. Mai masara zai ce, "Je ka gaya wa wancan ɓarawon ko ubansa ya taso daga kabari ba zan sayar a haka ba." Sai in taka in ce, "Alhaji, ya ce yana ganin girmanka, ka ɗan motsa." Alhaji ya ce, "Masarar da duk ƙwari sun gama da ita?" In koma in ce, "Ya yaba ƙwarai, sai dai ya ce damina ta ɗan taɓa ta." A tafa, a ce Allah Ya sa albarka, in karɓi la'adata. Dillalin da ke kai magana yadda aka ba shi, ran nan zai kwana da yunwa, wataƙila ma da kumburarren baki. Wannan hali na ɗauka na kai cikin maganar yayana, ina ganin gwaninta ce. Ya yi zance mai tsawo in datse. Ya yi mai zafi in fifita. Shekara arba'in ina yi, ba wanda ya kama ni, don ba mai ji sai ni.

Ga nasiha ta fari, ki rubuta ta a bangon ajinki da Fotugis ɗin da kika koya: tafinta ba dillali ba ne. Dillali so yake a rabu ana dariya. Tafinta so yake a rabu an ji juna, ko da za a rabu ana harara.

Kuskurena na biyu a kanki na yi shi. Kina 'yar shekara biyar, Baffanki ya kawo mana ziyara, na shigo zaure da wani abokin kasuwata na same ku kun baje. Kina ba shi labarin yadda kaza ta kore ki, hannu na tafiya, kumatu a kumbure, ido a zare, shi kuma yana dariya har da buga cinya. Abokin nawa ya ce, "Sule, ashe bebayen gidanku biyu ne." Maganar ta sare ni. Na ɗauki mafici na buge miki hannu da icensa, na ce, "Allah Ya ba ki baki, ki yi da shi." Ba ki yi kuka ba, kika cusa hannuwan a hammata. Baffanki bai nemi a fassara masa ba, abin a fili yake. Ni da na ci abinci da hannun nan tun ina jariri, ni na hana ki, don wani mai sayar da buhunan banza ya yi dariya.

Allah Ya saka wa mahaifiyarki. Ba ta yi gardama da ni ba, amma duk hutu sai ta ce matar Baffa na bukatar mai taya ta aiki, a sa ki a motar Malumfashi. Ina nan ina alfahari na raba ki da abin, ashe makarantar kwana aka kai ki.

Za ki tarar da irina a can. Uban da ke ɗaure wa ɗansa hannu, malamin da ke sa yaro ya zauna a kan tafukansa wai sai ya furta Fotugis da bakin da bai taɓa jin sautinsa ba. Kada ki zage su. Ba mugunta ba ce, tsoron dariyar maƙwabci ne, kuma ba a warkar da shi da wa'azi. Ki bar yaron ya ba uban labari ta hannunki, ya ji ashe ɗansa ya san wanda ke satar masa ƙwai. Daga ran nan shi zai riƙa kawo miki yaron da kansa.

Sai babban, wanda ya kusa cinye gonar gidanmu.

Shekarun da takin zamani da tarakta suka shigo, kowa ya haukace da faɗaɗa gona. Maƙwabcin Baffanki, Alhaji Barau, ya yi hayar tarakta, ta bi ta kan jerin gambar da ke raba su ta tuge shi, ta gangaro har cikin fadamar da Baffanki ke shuka shinkafa da rake. Fadamar nan ita ce ran gonar, tudun in babu ita rabin shekara zaman banza ne. Alhaji ya ce gadonsa ce, gamba ce ta yi tafiya. Aka taru a ƙofar gidan dagaci, aka aiko mini in zo in yi tafinta. Abin da ba a sani ba, ko aka sani aka yi shiru, Alhaji Barau ta hannuna yake sayar da duk hatsinsa. Na iso da safe, kafin in zauna ya kama hannuna ya ce, "Malam Sule, ai kai ne mai hankalin gidan."

Dagaci ya ce a tambayi Mati me zai ce. Yaya ya miƙe tsaye. Ban taɓa ganinsa ya yi magana mai kyau irin ta ran nan ba. Ya ce fadama tasa ce, taku ɗaya ba zai bari ba. Ya ce gamba ba ita ce iyaka ba, gamba ciyawa ce. Ya ce yana yaro babanmu da mahaifin Alhaji suka fasa wani tsohon dutsen niƙa gida biyu, suka binne rabi a gindin ɗorawa, rabi a bakin rafi, shi ya riƙe musu diga. Ya ce a je a tona. Sa'an nan ya nuna Alhaji ya yi alamar kura.

Ni ban taɓa jin labarin dutsen nan ba, ina elemantare aka yi. Na ce a raina tatsuniyar tsofaffi ce, ɗorawar ma an sare ta, wa zai tona daji. Na dubi Alhaji, na dubi dagaci, na gyara murya na ce, "Ranka ya daɗe, ya ce duk abu na gida ne, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, abin da manya suka gani shi ke nan."

Aka ce madalla. Dagaci ya ce to a bar wa Alhaji gefen rafi. Na juya na gaya wa Yaya da hannu cewa an ji, za a duba. Ya saki fuska, ya miƙa wa Alhaji hannu suka tafa a gaban shaidu. Aka shafa fatiha. Wallahi na hau mota ina jin na yi aikin lada, na kashe wuta tsakanin maƙwabta.

Ki lura da wannan, Uwani. Ba cin hanci aka ba ni ba, ko goro. "Kai ne mai hankalin gidan" kawai aka ce. La'adar tafinta ke nan, kuma ta fi kuɗi haɗari don ba ta nauyi a aljihu. Ran da wani babban jami'i ya ce miki ke ce mai hankali, kurman nan ya cika tsawaita zance, ki taƙaita masa, ki ji tsoron Allah a wannan rana. Abin da kika ga ya yi tsawo, a cikinsa dutsen yake.

Da ruwa ya sauka tarakta ta dawo. Baffanki ya tsaya a gabanta da fartanya, mutanen dagaci suka janye shi, suka nuna masa da hannu ai shi ya tafa da kansa. Washegari ya shigo motar farko ya same ni a rumfa, tsakiyar ciniki. Ya tambaye ni abu ɗaya: me ka gaya musu? Na fara 'yan kame-kame. Ya dubi hannuwana, ya daɗe yana dubansu, sa'an nan ya kau da fuska.

Mai ji in ya yi fushi da kai, ko ya juya baya maganarka na shiga kunnensa. Kurma in ya kau da ido, shi ke nan an rufe kasuwa. Na zagaya gabansa ya juya. Na taɓa kafaɗarsa ya kakkaɓe. Wata bakwai muka yi a haka. Ni da nake sayar wa mutum jakin da ya zo sayarwa, na rasa hanyar da zan ce wa ɗan'uwana yi haƙuri.

Mahaifiyarki ta hana ni sakat, na kai ƙara gaban alƙali da sunansa, amma na ce wai ba a fahimci juna ba ne a wurin dagaci. Zaman farko na miƙe zan yi tafinta, Baffanki ya kama hannuwana biyu ya danna su ƙasa a gaban kowa. Alƙali ya ce, "To, wannan ko ni na fahimta. A nemo wani."

Na nemo Malam Yohanna, ɗan mishan, mutumin wajen Kafur, wanda ya yi karatun koyar da kurame a kudu, yana da satifiket da wani littafi mai kauri cike da zanen hannuwa, maganar hannun Amurka. Na riƙa yawo ina cewa yanzu za a ga hannu na ilimi, ba namu na ƙauye ba. Ga kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: can ƙasan zuciyata na san hannunsa da na Yaya ba lalle su haɗu ba. Shi ya sa hankalina ya kwanta. Ina so a dawo da fadama, amma ba na so a tono ni tare da ita.

Ranar zama na biyu Malam Yohanna ya tsaya, ya fara jera haruffa da yatsu, wai yana rubuta wa Yaya sunansa. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba. Yaya ya kalle shi, ya kalli jama'a, ya yi alamar tambaya ko yatsun bawan Allah nan ciwo suke. Shi ma ya yi nasa, Malam ya buɗe littafi yana nema. Aka fara dariya a baya. Wakilin Alhaji ya miƙe ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ga masani ma ya kasa. Mutumin nan ba ya da maganar da za a kama, shaidu kuma sun ga ya tafa." Na ga alƙali ya jawo takarda. Ba fadama kaɗai za ta tafi ba, za a rubuta cewa Mati, manomin da ya ciyar da gida uku, ba ya iya faɗin abin da ke ransa.

A nan Malam Yohanna ya yi abin da ni ban taɓa yi ba. Ya rufe littafinsa ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, magana yake yi, kuma mai tsari. Ni ne ban iya harshensa ba." Mutum mai satifiket, a gaban jama'a. Ki riƙe wannan kalma kamar guzuri: ban gane ba, maimaita. Tafintan da ba ya iya faɗinta, ƙarya zai cike gurbin da ita.

Sauran kin sani, amma bari in faɗa yadda na gan shi daga inda nake zaune. Kin zo hutu daga kwalejin horon malamai, kina bakin ƙofa cikin mata. Baffanki ya waiga, ya taɓa haƙorinsa, ya yafito ki. Alƙali ya ce, "Yarinya, ke kin iya?" Kika ce, "Allah Ya gafarta Malam, Baffana ne." Wakilin Alhaji ya ce ai shi ya sa, 'yar gida ce, abin da ya yi musu daɗi za ta faɗa. Alƙalin nan tsoho ne mai wayo, da ya shigo kasuwa da ya kore mu. Ya sa aka fita da ke har bayan katanga. Ya zare zobensa a gaban kowa ya jefa a aljihun muhuti, mai rubutun kotu, ya ce a dawo da ke, ya nuna wa Baffanki ya gaya miki abin da ya gani. Hannu ya yi 'yan motsi, kika ce, "Ya ce Malam ya cire zobe ya sa a aljihun mai rubutu na hagu. Ya ce kuma aljihun a huje yake, zoben na ƙarƙashin benci." Muhuti ya laluba, yatsansa ya fito ta ƙasa. Kotu ta ɗauki dariya, har alƙali sai da ya rufe baki da gefen rawani.

Daga nan Baffanki ya fara. Kika tsaya inda haske ke dukan hannunsa, kika riƙa faɗa da "ni", ba "ya ce" ba. "Fadama tawa ce. Gamba ciyawa ce. Akwai dutse." Sai ya juyo ya yi bakin agwagwa ya nuna ni. Na yi miki ido irin na uba, na dillali, na mai neman rufin asiri, duk na haɗa. Ba ki kalle ni ba. Kika ce, "A gaban dagaci na yi magana mai tsawon kunyar gona biyar. Ƙanena ya buɗe baki sau biyu aka shafa fatiha. Ƙanena maƙaryaci ne, ya sayar da ni kamar buhun dawa."

Da muryarki, 'yar da na haifa, da hannun da na buge da mafici.

Alƙali ya ce, "Malam Sule, haka aka yi?" Ina da amsa bakwai a baki, kowace ta fi wata santsi. Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, haka aka yi." Ban taɓa yin ciniki mai riba irin wannan ba, ko da yake a lokacin ji na yi kamar an tuɓe ni a tsakar kasuwa.

Da hantsi washegari aka ɗunguma gona, har da masu zuwa kallo daga ƙauyuka. Baffanki ya nemo kututturen ɗorawa a cikin ciyawa, ya auna taku, ya dangwala ƙafa. Aka sa diga. Ba a kai gwiwa ba ƙarfe ya yi ƙara. Aka gangara bakin rafi, nan sai da aka yi rami uku, har wakilin Alhaji ya fara murmushi, a na uku rabin ya fito. Muhuti ya haɗa su suka zauna ɗas, kamar jiya aka fasa. Aka ja igiya tsakani, fadama gaba ɗaya ta faɗo gefen Mati. Mata suka rangaɗa guɗa. Alhaji Barau ya ce shi dai abin da tafinta ya faɗa ya ji, kuma gaskiyarsa. Baffanki ya zo ya tsaya a gabana, ya dube ni cikin ido karo na farko a wata bakwai. Ya yi bakin agwagwa, ya sa ɗaya hannun ya matse shi. Sa'an nan ya miƙo mini shebur in cike ramukan. Na cike su duka huɗu da babbar rigata a jiki, ina murna kamar an ba ni sarauta.

Malam Yohanna kuwa duk Asabar sai ya hau kekensa ya je gona, ya bar littafin a gida, Baffanki na koya masa yana yi masa dariya. Shi ya rubuta miki takardar da ta kai ki karatun kurame. Ki aiko masa da wasiƙa in kin sauka, ya tsufa.

Saboda haka in kin isa, kada ki buɗe jakarki ki fito musu da hannun Amurka, kada kuma ki ɗauka hannun Kafur zai ci a can. Kowane gari da inda kuramensa ke taruwa. Namu na Funtua kin san su, gindin bishiyar nan ta bayan tasha, tela da makaniki da mai gyaran takalmi, suna gulmar gari kaf ba mai jin su. Nemi irin wurin. Zauna a ƙasa, ci abin da suke ci, bari su yi miki dariya wata uku. Suna da harshensu tun kafin a rubuta takardar da ta kira ki. Ran da suka raɗa miki suna, ran nan kika fara aiki.

Fotugis ki iya shi da kyau, rigar shiga ofis ce, ba a sauraron mai tsumma. Amma ki tuna uwar yaron da harshen ƙauyensu za ta zo, likita da Fotugis, yaro da hannu, ke a tsakiya. Tsakiya mazaunin dillali ce, na san daɗinta. Ki sa likita ya kalli mara lafiya, ba ke ba. In kurma ya zagi gwamna, ki kai zagin da zafinsa, kada ki ce ya gode wa gwamnati. In kuma manyansu sun zauna rubuta wace magana za a yi da kurame a makaranta da kotu, suka kira ki don ke baƙuwa ce mai satifiket, kada ki shiga ke kaɗai. Tafi da telansu da makanikinsu. Ki tsaya a gefe ki ce, ga masu dutsen.

Jiya Baffanki ya zo da raken fadamar nan, ya ce a aika miki, na ce jirgi ba ya ɗaukar rake, muka shanye a madadinki. Ya ba ni saƙo, ga shi yadda ya fito daga hannunsa. "Gaya wa mai wushirya kada ta ci kifin da ba ta ga kansa ba. Ta zo mini da irin rogonsu. In kuramensu sun sa mata suna, ta riƙe shi da kyau ta kawo in gani, in bai yi ba in mayar musu. Ta gaya musu akwai wani tsoho a Kafur da ya ci shari'a bai ce uffan ba. Babanta kuma ya gyaru, amma gyaran tsagaggiyar tukunya: a zuba hatsi, kada a zuba ruwa."

Mahaifiyarki na gaishe ki, tana kuka tana cika baki a gidan suna. Allah Ya kiyaye hanya, sama da ƙasa. Ya tsare ku da cuta da sharrin dare da na rana. Ya sa hannunki ya zama alheri ga bayinSa, Ya dawo mana da ku muna raye. Na yafe miki duniya da lahira, har da ranar kotu, wadda ita ce ma na fi gode miki.

Babanki,
Sule Dillali.

Wannan baƙin tabon da ke ƙasa dangwalen Baffanki ne. Ya ce sai ya sa hannu, shaidar cewa saƙonsa ya tafi cif, ban rage ba ban ƙara ba. Na rantse haka ne. Amma ke Malama, kin san bai iya karatu ba, kin kuma san babanki. A ganinki wa ya duba?